Rayuwa Bayan Tiyatar Rage Ƙiba: Abinci, Azumi Da Amanar Jiki

Duk wanda ya ratsa ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan a lokacin rani ya san arzikin da Allah Ya shimfiɗa a wannan yanki na arewacin Jihar Kaduna. Fadamu cike da rake da tumatir, rumbuna cike da masara da dawa, ga hayaƙin masu dafa mazarƙwaila yana tashi daga bakin gonaki. A Kurmin Kogi da ƙauyukan da ke kewaye da ita, iyaye da kakanni sun ci tuwo sun ƙoshi, amma fartanya da daka da tafiyar ƙafa zuwa kasuwa sun ƙone abin da suka ci. Shi ya sa ƙiba ta zama abin sha'awa a idon Bahaushe. In mutum ya ajiye teɓa sai a ce hutu ya zauna masa, in amarya ta murje sai a yaba wa ango da iya kiwo.

Yau rayuwa ta sauya. Babur ya karɓi aikin ƙafa, injin niƙa ya karɓi aikin turmi, lemon kwalba ya shiga kowane shago da kowace walima. Ɗan kasuwa da ma'aikaci kan wuni a zaune, matar kulle kuwa iyakar tafiyarta daga ɗaki zuwa madafa. Ciwon sukari da hawan jini da ciwon gwiwa sun zama baƙin da suka tare a gidaje da yawa. Cikin masu fama da matsananciyar ƙiba akwai waɗanda likita kan ba shawarar tiyata, wadda ake yi a wasu asibitoci masu zaman kansu a Abuja da Legas, wasu kuma su tafi Masar ko Indiya ko Turkiyya. Aikin kansa awa ɗaya ne zuwa biyu. Daga nan mutum zai dawo gida, ya tarar da tukunyar da ya bari, da bukukuwan da ya saba, da watan Ramadan yana tafe. A nan ne ake cin ribar tiyatar ko a yi asararta.

Yaushe ƙiba take zama cuta?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 mutum 1 cikin kowane 8 a duniya yana fama da ƙiba mai cutarwa, wato sama da mutum biliyan 1. Likitoci suna auna ta da wani lissafi da ake kira BMI a taƙaice: a ninka tsayin mutum a mita sau kansa, sannan a raba nauyinsa a kilo da abin da ya fito. Magidanci mai tsayin mita 1.70 da nauyin kilo 120, lissafinsa zai ba da 41.5. Daga 25 an ce nauyi ya wuce kima, daga 30 an shiga ƙiba mai cutarwa, daga 40 kuwa ta yi tsanani.

A 1991 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta sa ƙa'ida cewa tiyata ta dace da wanda ya kai 40, ko wanda ya kai 35 in akwai wata cuta tare da ƙibar. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni sun sassauto da ita zuwa 35, har ma 30 ga mai ciwon sukarin da ya ƙi jin magani. Ma'ana, aiki ne na masu lalura. Budurwar da ke son ta ɗan rage kafin biki ba ta cikin wannan sahu.

Ana kuma bukatar a fahimci cewa ƙiba irin wannan ba ta tsaya ga haɗama ba. Akwai gado, akwai sinadaran jiki masu sarrafa yunwa da ƙoshi, akwai ƙarancin barci, akwai magunguna. A ƙasar Hausa ma akwai ƙwayoyin ƙara ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda wasu mata kan sha ba da sanin likita ba, alhali wasunsu suna tayar da sukari da hawan jini, suna kuma raunana ƙashi.

Abin da likita yake yi wa tumbi

Ayyuka biyu ne suka fi yawa. Na farko shi ne yanke tumbi: ana cire kusan kashi 75 zuwa 80 cikin 100 nasa, a bar siririn sashe mai kama da ayaba. Sashen da aka cire shi ne ya fi samar da sinadarin da ke tayar da yunwa, wanda masana a Japan suka gano a 1999, don haka yunwa kan ragu sosai a watannin farko. Wannan aiki ba ya warwaruwa, abin da aka cire ya tafi ke nan.

Na biyu shi ne karkatar da hanyar abinci, wanda likita Edward Mason ya fara a Jami'ar Iowa ta Amurka a shekarun 1960. Ana ware ɗan ƙaramin aljihu a saman tumbi, girmansa bai wuce ƙwai ba, a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji, abinci ya tsallake ragowar tumbin da farkon hanjin. A yau galibi ana yin ayyukan biyu ta 'yan ƙananan huji da na'ura mai kyamara, ba tare da an tsage ciki ba.

Amfanin aikin tabbatacce ne. Wani dogon bincike da aka fara a ƙasar Suwidin a 1987, wanda ya bi mutum sama da 4,000 shekara da shekaru, ya nuna a 2007 cewa mace-mace sun fi ƙaranci a cikin waɗanda aka yi wa tiyata. Yawanci mutum kan zubar da kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na nauyinsa, kuma raguwar kan kai ƙarshenta tsakanin wata 12 da 18. Magidancin da muka yi misali da shi zai iya sauke kilo 30 zuwa 36. Da yawa sukarinsu kan daidaita, minshari da ɗaukewar numfashi a barci su yi sauƙi. Duk da haka tiyata ce, tana da haɗarinta: zubar jini, yoyon ɗinki, daskarewar jini a jijiya. A hannun ƙwararru haɗarin mutuwa bai kai mutum 1 cikin 200 ba, a hannun wanda bai ƙware ba kuwa lissafi ya canza.

Matsayin Shari'a

Asalin neman magani halal ne, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da shi a hadisin Usama ɗan Sharik da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. Abin da kan sa wasu ɗari-ɗari shi ne tsoron faɗawa cikin canza halittar Allah, wanda Suratun Nisa'i ta jingina ga ruɗin Shaiɗan. Malamai sun bambance tsakanin yanka jiki don neman ƙarin kyau da yanka shi don kawar da cuta.

Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, wadda ke ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, ta duba batun a zamanta na 18 a Putrajaya ta ƙasar Maleshiya a watan Yulin 2007. A ƙudurinta mai lamba 173 ta halatta rage nauyi ta hanyoyin da ilimi ya tabbatar, har da tiyata, bisa sharaɗi uku: nauyin ya kai matsayin cuta, babu wata hanya sai tiyatar, kuma a amintu daga cutarwa. Misalin da ƙudurin ya kawo shi ne zuƙe kitse, amma sharuɗɗan su ne ma'aunin da ake ɗora sauran ayyukan a kai.

Sharaɗi na uku ya cancanci a tsaya a kansa. Amintuwa daga cutarwa ba ta ƙarewa ranar da aka sallami mutum daga asibiti. Wanda ya san ba zai iya sayen ƙwayoyin bitamin ba har ƙarshen rayuwarsa, ko ba shi da likitan da zai riƙa duba jininsa, bai cika sharaɗin ba tukuna, ko da ya tara kuɗin aikin. Kafin a sayar da gona ko shanu a biya kuɗin jirgi, a fara lissafa kuɗin shekarun da ke biye. Wanda kuma aka riga aka yi masa, bin dokokin likita ya zama wani ɓangare na haƙƙin da jikinsa yake da shi a kansa, haƙƙin da Annabi ya tunatar da Abdullahi ɗan Amru a hadisin Bukhari da Muslim lokacin da ya tsananta wa kansa da azumi da tsayuwar dare.

Makonnin farko

Tumbin da aka ɗinke sabon rauni ne, da sannu ake komawa da shi ga abinci. Tsarin ya ɗan bambanta daga asibiti zuwa asibiti, amma matakansa huɗu ne. Ana farawa da ruwa-ruwa na kusan mako biyu: ruwa, romon kaza ko na kifi da aka tace, madara marar sukari, kindirmo da aka dama ya yi laushi. Sai abin da aka markaɗa ya zama kamar koko mai kauri. Sai mai taushi, irin dafaffen ƙwai da alala da kifi da aka cire wa ƙaya. Wajen mako na shida zuwa na takwas ake komawa abincin gida, shi ma kaɗan-kaɗan.

Dokokin cin su ne ginshiƙi. A yi loma ƙanana, a tauna har abinci ya narke a baki, a ɗauki minti 20 zuwa 30 a kan ɗan abin da bai cika ƙaramin kofi ba, a tsaya da zarar an ji alamar ƙoshi. Loma ɗaya ta ƙari tana iya jawo amai. Kada a haɗa ci da sha: a bar kusan minti 30 tsakaninsu, domin ruwa yana cike ɗan wurin da ya rage, ko ya tura abinci ya wuce da sauri. A sha aƙalla lita ɗaya da rabi a yini, kurɓi-kurɓi, domin ƙarancin ruwa na cikin manyan dalilan da ke mayar da mutane gadon asibiti a watan farko. Mai lura zai ga kusancin wannan da ladubban da Sunna ta koyar: sha da numfashi uku kamar yadda Anas ya ruwaito, cin abin da ke gaban mutum, da barin ci a kishingiɗe.

Sai batun abin da za a fara sa wa a baki. Jikin da ke saurin ramewa yana cin naman kansa in bai sami furotin ba, wato sinadarin gina jiki. Ana son aƙalla giram 60 a yini. Ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6, kofin madara kusan giram 8. Tsarin cin Bahaushe shi ne malmalar tuwo a tsakiya, miya a gefe, nama yanka ɗaya. Bayan tiyata sai an juya wannan tsari: a fara da ƙwai ko kifi ko kaza ko wake, a bi da ganye, tuwo ya zo ƙarshe in da sauran wuri. Alhamdu lillahi, yankinmu ba ya rasa waɗannan. Akwai wake da waken suya da ake awara da shi, akwai nonon Fulani, akwai ƙwan zabi da damina, akwai zogale da rama da kuɓewa. Awara dafaffiya ta fi soyayyiya, alala ta fi ƙosai, domin mai yana da nauyi ga sabon tumbi. Tuwo mai danƙo da burodi mai laushi da busasshen nama irin kilishi sukan tsaya a ƙirji a watannin farko, a jinkirta su.

Jarrabawar ƙasar rake

Ga mutumin Makarfi ko Kudan ko Ikara, babbar jarrabawa zaƙi ce. Wanda aka karkatar wa hanyar abinci, in ya sha abu mai sukari da yawa, sukarin kan faɗa hanji a dunƙule ya janyo ruwa daga jini. Cikin minti 10 zuwa 30 sai zufa ta karyo, zuciya ta riƙa bugawa, jiri da murɗar ciki da gudawa su biyo. Wani kuma sai bayan awa ɗaya zuwa uku sukarin jininsa zai faɗi warwas, jiki ya ɗauki rawa, har ya iya suma. Wanda aka yanke wa tumbi ma yakan gamu da wannan, ko da yake bai kai na farkon ba.

Akwai kuma wata illa da ba a ji a jiki nan take. Tiyata tana hana cin tuwo da yawa, amma ba ta hana ruwa wucewa. Ruwan rake, lemon kwalba, zoɓo da kunun aya masu sukari, shayi mai kauri da madarar gwangwani, fura da aka zuba wa sukari cokali uku, duk suna zarcewa ba tare da sun ƙosar ba. Mutum zai iya shanye abin da ya fi malmala biyu ƙarfi yana ganin bai ci komai ba. Ta wannan ƙofa nauyi ya fi dawowa. Ba banza ba gwamnatin Najeriya ta sa harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, ko da yake Naira 10 ba ta hana kowa sha. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, in ji Hausawa, kuma a nan maganar ta zauna daram.

Magungunan da ba a yankewa

Ƙaramin tumbi ba ya tsotse wasu sinadarai kamar da. Bitamin B12 yana bukatar wani ruwa da tumbi ke fitarwa kafin jiki ya amfana da shi, kuma rashinsa yana kawo ƙarancin jini da mutuwar jijiyoyin ƙafa da mantuwa. Sinadarin ƙarfe da kalsiyam sun fi shiga jiki a farkon hanji, wurin da aka tsallake a aiki na biyu. Don haka ƙwayoyin bitamin da na ƙarin jini da na ƙashi na har abada ne, wasu kuma sai da allurar B12 duk wata uku. Illar barin su ba ta bayyana da wuri. Mutum zai yi shekara yana jin garau, sannan lalura ta fito, wata ma ba ta warkewa. Amai da ya ƙi tsayawa na kwanaki abin gaggawa ne, domin yana ƙarar da bitamin B1 cikin 'yan makonni, rashinsa kuwa yana taɓa ƙwaƙwalwa.

Wanda aka yi wa aiki a waje, kada ya baro asibitin sai da cikakken rahoto a rubuce: irin aikin da aka yi, magunguna, da jadawalin gwaji. Ya miƙa shi ga likita a gida tun kafin wata matsala ta taso. Mafi kusa ga mutanen wannan yanki cikin manyan asibitoci su ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Ana gwajin jini sau da yawa a shekarar farko, daga nan sau ɗaya kowace shekara. Mai shan maganin sukari ko na hawan jini ya sani cewa bukatarsa tana raguwa da sauri bayan aiki, ci gaba da tsohon adadi ba da duba likita ba yana iya kayar da shi.

Magungunan ciwon jiki irin ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake saye a kemis kamar gyaɗa, suna haddasa gyambo a wurin ɗinki, musamman ga wanda aka karkatar wa hanya. Haka taba da shisha. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba, a nisance su. Zazzaɓi da bugun zuciya da sauri da ciwon ciki mai tsanani ko sarƙewar numfashi a makonnin farko, asibiti ake nufa a daren, ba a jiran wayewar gari.

Mata suna da ƙarin bayani. Raguwar ƙiba takan dawo da haihuwa ga wadda ta daɗe tana nema, amma likitoci suna son a jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18, har nauyi ya tsaya, don kada ɗan tayi ya girma a jikin da ke cikin ƙaranci. Wannan tazara ce ta lalura, ta ɗan lokaci, bisa yardar miji da mata, kuma malamai sun halatta irinta. Zubar gashi tsakanin wata na uku da na shida abu ne sananne, yakan tsaya da kansa in ana samun furotin.

Azumin Ramadan

Wannan ce tambayar da ta fi damun mai imani. Yinin azumi a arewacin Kaduna yakan kai wajen awa 13, kuma a shekarun nan yana faɗowa a ƙarshen hunturu da farkon bazara. Abin da ya rage na dare kusan awa 11 ne, a ciki akwai Magariba da Isha'i da Tarawihi da barci. A cikin wannan ɗan lokaci ake so mai ƙaramin tumbi ya kurɓi lita ɗaya da rabi, ya ci giram 60 na furotin a ƙananan lomomi, ya raba ci da sha, ya sha magungunansa. A watannin farko lissafin ba ya fita. Shi ya sa likitocin fannin da yawa suke ba da shawarar a jinkirta azumi wata 6 zuwa 12 bayan aiki, sannan a duba halin kowa shi kaɗai.

Shari'a ta riga ta buɗe wannan ƙofa. Aya ta 184 da ta 185 na Suratul Baƙara sun ba marar lafiya damar ya sha ya rama a wasu kwanaki. A mazhabar Imam Malik, wadda ake karantarwa a zaurukanmu daga Risala zuwa Muhtasar, wanda ya ji tsoron ƙaruwar ciwo ko jinkirin warkewa ya halatta ya sha, wanda kuwa ya ji tsoron halaka ko cutuwa mai tsanani wajibi ne ya sha. Ana sanin haka ta faɗar amintaccen likita ko ta abin da mutum ya jarraba a jikinsa. In uzurin ya zarce har wani Ramadan ya shigo, babu ciyarwar jinkiri a kansa, domin wannan tana kan mai sakaci ne. Wanda likita ya tabbatar ba zai taɓa iya azumi ba, hukuncinsa na tsohon da ya gaza ne: ya ciyar da mudun Annabi ɗaya a madadin kowace rana, abin so a wurin Malikawa, wajibi a wurin wasu mazhabobin. Mai shirin aikin da ba na gaggawa ba, ya fi masa ya tsara shi bayan Ƙaramar Salla, don ya sami watanni masu yawa kafin azumi na gaba.

Wanda likita ya sahale masa, ya gwada da azumin Litinin ko Alhamis a Sha'aban ya ga yadda jiki zai ɗauka. Ya buɗe baki da ruwa kurɓi-kurɓi da dabino ɗaya, ya yi Magariba, sannan ya ci furotin. Kunun tsamiya mai sukari da ƙosai da soyayyen dankali a kan tumbin da ya wuni wayam su ne ainihin abin da ke kawo jirin da aka ambata. Ya raba abincinsa kashi uku ko huɗu zuwa asuba, ya ajiye gorar ruwa kusa da shi a Tarawihi, ya jinkirta sahur kamar yadda Sunna ta so. Aman da ya rinjayi mutum ba ya karya azumi, wanda aka janyo da gangan ne yake karyawa. Allurar da ba ta abinci ba ce ba ta karya azumi, kamar yadda majalisar da aka ambata ta zartar a zamanta na Jidda a 1997, amma ta bitamin in an bar ta zuwa dare an fita daga saɓani. In jiri mai tsanani ko rawar jiki ko duhun gani suka zo da rana, a sha ruwa nan take a rama daga baya.

Salla da motsa jiki

A kwanakin farko ruku'u da sujada kan yi wuya. Hadisin Imrana ɗan Husaini a Bukhari ya ba da mafita: a tsaye, in ba hali a zaune, in ba hali a kwance. Tafiya kuwa tun ranar aikin ake fara ta, domin tana hana jini daskarewa a ƙafa, kuma mai dawowa a jirgi ya riƙa miƙewa yana takawa. Ɗaukar kaya masu nauyi, irin buhun taki ko jarkar ruwa, sai bayan mako huɗu zuwa shida.

Daga nan abin nema shi ne aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta, wato minti 30 a kwana biyar. Namiji da ke takawa zuwa masallaci sau biyar, ya bar babur in zai je gona ta kusa, ya riga ya ci rabin hanya. Mace tana iya zagaya tsakar gida bayan Asuba da bayan La'asar, ita da 'ya'yanta ko abokiyar zamanta. Maigida ya tuna cewa Annabi ya yi tsere da Nana A'isha har sau biyu, ta tsere masa a farko, bayan ta yi jiki ya tsere mata, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito.

Rabon mutanen gida

A al'adarmu ƙin cin abincin mutum raini ne, uwa kuma ba ta samun natsuwa sai ta ga kwano ya koma fanko. Wanda aka yi wa wannan aiki zai ci loma biyar ya janye hannu. Kada uwargida ta ɗauka girkinta aka ƙi, kada a ce amarya ta fi ta iya miya, kada surukai su shiga cewa an yi masa sammu don sun ga yana ramewa. A zaunar da iyali a yi musu bayani tun farko. A ware masa ƙaramin kwano, domin cin tarayya a faranti ɗaya yana sa sauri. A wajen suna da ɗaurin aure da layya, mai masauki ya karɓi uzuri ba tare da naci ba.

Harshe ma yana da nasa. Wanda jiya ake kira da sunan tsokana saboda ƙiba, yau ana raɗa cewa wata muguwar cuta ce ta kama shi, ko a ce ya bi gajeriyar hanya. Aya ta 11 da ta 12 na Suratul Hujurati sun hana izgili da jifa da miyagun laƙabi da mummunan zato da gulma. Wasu kan shiga ƙunci bayan aikin, musamman wanda abinci ne ya kasance mafakarsa in ransa ya ɓaci. Irin wannan yana bukatar mai saurare da likita, tare da addu'a.

In nauyi ya fara dawowa

Bayan shekara biyu yunwa takan farfaɗo, tumbi ya ɗan saki, kuma ƙarin 'yan kilo abu ne da aka saba gani. Wasu kuwa sukan mayar da kaso mai yawa, galibi ta hanyar ɗan taɓa-ka-lashe na yini duka: gyaɗa a nan, cincin a can, lemo a kai. Maganinsa a hau sikeli sau ɗaya a mako, a tsayar da lokutan ci, a koma wurin likita da wuri ba tare da jin kunya ba. Aikin da Allah Ya fi so shi ne mai ɗorewa ko da kaɗan ne, kamar yadda Nana A'isha ta ruwaito, kuma wannan ma'auni ya dace da kiwon jiki kamar yadda ya dace da nafila.

Mafi yawan masu karanta wannan shafi ba za a taɓa yi musu tiyata ba, amma darasin ya shafi kowane gida. A hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adikariba da Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito, Annabi ya siffanta ciki da mafi sharrin mazubin da ɗan Adam ke cikawa, ya nuna 'yan lomomi sun isa su tsayar da bayansa, in kuwa ba makawa to a kasa shi uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi. Ibnu Rajab, a sharhinsa na wannan hadisi, ya kawo cewa likita Ibnu Masawaihi da ya karanta shi ya ce da mutane za su yi aiki da shi da asibitoci da masu sayar da magani sun rasa ciniki. Aya ta 31 ta Suratul A'arafi ta halatta ci da sha, ta hana wuce iyaka. Uwar da ta rage sukari a kokon yara, da uban da ya daina shigowa da katan ɗin lemo, da ɗalibin da ya zaɓi ruwa a kan abin zaƙi, suna yin da sauƙi abin da wani ya sayar da gona ya yi da wuƙar likita.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa wahalarsu ta zama kaffara, Ya ba mu ikon riƙe amanar jikin da za a tambaye mu a kansa. Allah ne Mafi sani.